Ƙarar Ƙarfe a Ƙarƙashin Mota: Jagora ga Direbobin Yashi

Garin Jajimaji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa a Jihar Yobe, yana bisa hanyar kwalta wadda ta haɗa Nguru da Gashuwa. Wanda ya san ƙasar nan ya san kwaltar kamar zare guda take a tsakiyar shimfiɗa. Da an ratse arewa sai yashi, wajen Machina da Yusufari, har tuddan rairayi na Tulo-Tulo da iyakar Jamhuriyar Nijar. Da an ratse kudu kuwa sai fadama, inda ruwan kogin Haɗejiya da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su zama kogin Yobe da ke wucewa ta Gashuwa. Ko da yake an ƙara shimfiɗa hanyoyi tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991, har yanzu akwai ƙauyuka da rugage masu yawa waɗanda babu abin da ke kai musu sai mota mai ja da ƙafa huɗu. Ita ke fito da gero da wake da riɗi da ƙaro ran kasuwa, ita ce kuma ake bugun ƙofar mai ita da tsakar dare idan naƙuda ta yi gardama, a ce a kai mace asibiti a Nguru ko Gashuwa.

Galibin motocin nan tsofaffi ne. Akwai Land Rover samfurin da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, akwai Toyota Land Cruiser na tsohon yayi wanda aka yi daga 1960 zuwa 1984, da wanda ya gaje shi, akwai kuma Hilux, wadda aka fara yin mai ja da ƙafa huɗu a 1979. Waɗansunsu sun girmi direbobinsu. Mota irin wannan ba ta rasa ƙara, kuma direban da ya daɗe da ita yakan saba da surutunta har ya daina ji. A cikin ƙararrakin nan akwai guda wadda bai kamata kunne ya saba da ita ba, watau bugun ƙarfe da ƙarfe daga ƙarƙashi, "gwaram" ko "ƙwal", sa'ad da aka tashi, ko aka saki totur, ko aka karya kwana. Wannan darasi a kanta yake: yadda mai mota zai gane inda take fitowa tun kafin ya ba da kuɗinsa, da yadda zai san ko tafiya za ta yiwu ko kuwa tsayawa ta zama wajibi.

Hanyar da ƙarfi ke bi

Ƙarfin injin yana bi ta kuloci ya shiga akwatin giya. A mota mai ja da ƙafa huɗu akwai akwati na biyu a bayansa, wanda aikinsa raba ƙarfi ne tsakanin gaba da baya. Shi ne ke da sandar nan da direbobi ke kira ogzilari. Daga wannan akwati furofela biyu suka fita, ɗaya ta nufi aksul na baya, ɗaya na gaba. Kowace furofela tana da gaɓa a kowane bakinta, mai siffar gicciye, wadda kanikawa ke kira kuros, tana kuma da wani sashe mai tsagogi da ke zugewa ciki da waje kamar takobi cikin kube, domin aksul yana hawa da sauka bisa sifirin. A tsakiyar aksul akwai tulu, cikinsa ƙaramin dunƙule mai haƙora yana juya babban faifai mai haƙora, daga nan sanduna biyu, watau shaf, su kai ƙarfin ga ƙafafu.

Ko'ina ƙarfe biyu suka haɗu a wannan doguwar hanya, maƙera sun bar ɗan giɓi domin mai ya sami wurin shiga. Giɓin da ke tsakanin haƙoran tulun aksul, alal misali, bai fi kaurin takarda biyu ko uku ba sa'ad da mota take sabuwa. Shekaru da yashi su ke faɗaɗa shi. Sa'ad da direba ya taka totur, dukan gaɓoɓin nan sukan jingina gefe guda; da ya ɗaga ƙafa, nauyin mota ya koma shi ke tura injin, sai su faɗa ɗaya gefen. Faɗuwar nan ita ce bugun da ake ji. Saboda haka ƙarar ba kullum daga wuri guda take ba. Wani lokaci gaɓa biyar ce kowace ta ci kaɗan, jimlarsu ta zama ƙara guda.

Kunne kafin sifana

Kuskuren da ya fi cin kuɗin masu mota shi ne a fara kwance ƙarfe kafin a saurara. Marubucin wannan darasi ya taɓa biyan kuɗin sauke akwatin giya ɗungurungum a wani gareji, aka kwana uku ana wanke haƙora da kananzir, aka mayar, aka tashi mota, ƙarar tana nan daram. Daga baya wani yaron mota ya kwanta a ƙasa ya girgiza furofela da hannu ɗaya, sai ga notuna biyu sun saki. Da an yi wannan tun farko, da aikin bai wuce minti goma ba.

Ga yadda ya kamata a yi. A sauke kaya, a fitar da jak da sifanu da galan da duk wani abin da ke yawo a bayan mota, a tabbata tayar safiya a ɗaure take, gama sau da yawa su ne ɓarayin. A sami fili shimfiɗaɗɗe inda babu jama'a. Direba ya riƙe sitiyari, wani mai kunne ya zauna a baya, wani kuma ya tsaya a gefe nesa kaɗan. Tambayar da za a amsa ita ce: a wane lokaci ne daidai ƙarar ke zuwa?

Idan bugu ɗaya ne tak sa'ad da aka saki kuloci za a tashi, sa'an nan wani bugun idan aka sa ribas, haka kuma duk sa'ad da aka taka totur aka saki cikin giya ta biyu, to, lako-lako ne a hanyar ƙarfi: kuros, ko tsagogin furofela, ko notunan da suka ɗaure ta, ko tulun aksul, ko tsagogin shaf. Matashin roba da injin ko akwatin giya ke zaune a kai, idan ya yage, shi ma yakan yi haka, amma yana da tasa alama, domin za a ga sandar giya tana zabura a hannu tare da bugun.

Idan kuwa ƙarar ba ruwanta da totur, sai an faɗa rami ko an hau gargada take zuwa, to, a bar zargin giya. A nemi bushin na sifirin, da shokozoba, da salansa mai bugun shasi. Gwajin mai sauƙi ne: a bi ta kan gargadar nan a firi, kuloci a take. In ƙarar ta zo duk da haka, ba daga hanyar ƙarfi take ba.

Idan ƙarar "ƙas-ƙas-ƙas" ce daga gaba, ba ta zuwa sai an murɗa sitiyari ƙarshe alhali ƙafa huɗu na ja, to, gaɓar da ke cikin ƙwallon aksul na gaba ce, wadda ke ba ƙafa damar juyawa tana kuma ja. A tsohuwar Land Rover kuros ne a ciki yana iyo cikin mai. A Land Cruiser da Hilux gaɓa ce mai ƙwallayen ƙarfe cikin giris.

Nau'i na huɗu shi ne bugu mai maimaita kansa, wanda ke ƙara sauri idan mota ta ƙara gudu. A nan ɗan lissafi yana da amfani ƙwarai. A tsohuwar Land Rover, furofela tana juyawa sau 4.7 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. A Land Cruiser na da kimanin sau huɗu ne. Taya mai lamba 7.50-16 kuma tana cin ƙasa kimanin mita biyu da rabi a juyi guda, watau taki uku na babban mutum. To, a sa alli a jikin taya, a tafi a hankali, mai tsayuwa a gefe ya bi motar da ƙafa yana ƙirgawa. Bugu ɗaya a kowane juyin taya yana nuna ƙafar kanta, ko birki, ko shaf, ko haƙori guda da ya karye a babban faifai. Bugu huɗu ko biyar ko fiye a juyi guda yana nuna furofela ko ƙaramin dunƙulen da take juyawa. Wannan gwaji ba ya cin ko kwabo, ya kuma raba motar gida biyu.

Akwai abu guda da za a duba kafin dukan waɗannan, shi ne notunan wili. Wili mai sako-sako yana ƙwanƙwasa kamar ciwon aksul, kuma shi ne mafi saurin kisa. A sa sifana a kan kowane noti na ƙafafu huɗu. In an ga zanen tsatsa ya fito daga gindin noti kamar hawaye, ko ramin wilin ya zama ƙwai, an sami mai laifi.

Shiga ƙarƙashin mota

Wajibi ne a yi gargaɗi a nan, domin ƙasar yashi ba ta riƙe jak. Kada kowa ya sa jikinsa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita, ko da na minti ɗaya ne. Abin farin ciki, motocin nan suna da tsayi, yawancin binciken ana yinsa ƙafafu huɗu na ƙasa. A kashe injin, a zare makulli a sa aljihu, a sa waigi gaba da bayan ƙafafu biyu aƙalla, sa'an nan a saki birkin hannu a sa giya a firi, domin in birki ko giya na riƙe da furofela, ba za a ji lako-lakonta ba.

Masu Land Rover da tsohon Land Cruiser su lura da wani abu. Birkin hannu na irin motocin nan furofela yake kamawa a bayan akwatin raba ƙarfi, ba ƙafafu ba. Ma'anar wannan ita ce, da zarar an ɗaga ƙafar baya guda, ko an kwance furofelar baya, birkin nan bai riƙe komai ba, mota tana iya gangarowa bisa wanda ke kwance. Waigi ne kaɗai amana.

A fara da kuros. A kama furofela da hannu ɗaya, farantin da aka ɗaure ta a kai da ɗaya hannun, a murɗa su saɓanin juna, sa'an nan a tura sama da ƙasa. Lafiyayyen kuros ba shi da wasa ko kaɗan. In an ji ko ɗan ƙyas, ya mutu. Cikin kowane kofi huɗu na kuros akwai siraran allurai na ƙarfe da ke birgima cikin giris. Idan giris ya ƙare, yashi ya shiga, alluran sukan niƙe su zama gari, sai a ga jan ƙura kamar garin jan kanwa a bakin kofin. Wanda ya ga wannan jan gari ba ya bukatar wata shaida. Akwai kuma kuros da ke mutuwa ta hanyar ƙagewa, ba ya wasa amma ba ya lanƙwasa. Shi yakan yi tsuwa kamar ɓera sa'ad da ake tafiya a hankali, bayan tafiya kuma in an kusantar da hannu za a ji ya fi 'yan'uwansa zafi. Ba a tabbatar da irinsa sai an kwance furofela an lanƙwasa gaɓar da hannu.

Me ya sa muke tsananta maganar kuros? Domin abu ne ƙarami mai araha, amma in ya tsinke cikin gudu ɓarnarsa ba ta da iyaka. Idan na gaban furofelar baya ne ya tsinke, bakin furofelar yakan faɗi ya soki ƙasa, ya ɗaga bayan mota sama, mota cike da mutane da buhuna. In na baya ne, furofelar takan yi ta dukan ƙarƙashin mota kamar taɓarya, ta fasa bututun birki ko tankin mai. Motar da kuros ɗinta ke wasa ba ta da hurumin ɗaukar fasinja.

Daga nan a duba sashen da ke zugewa. A kama shi a tsakiya a girgiza gefe da gefe. Ɗan motsi kaɗan ba laifi, amma in yana kaɗawa har ido na gani, tsagogin sun cinye. A bi notunan farantai da sifana biyu, gaba da baya. A kuma duba abu guda da kanikawa masu gaggawa kan manta: a galibin motoci, kunnuwan kuros na wannan baki da na wancan baki dole su kasance bisa layi ɗaya. Dalili kuwa shi ne, kuros da ke aiki a karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya, yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane juyi, na biyun ne ke warware abin da na farko ya ƙulla. In an zare furofela aka mayar da tsagogin a kuskure, mota za ta yi ta makyarkyata, sabon kuros kuma ba zai yi wata uku ba. Shi ya sa ake sa alama da alli ko fenti kafin a kwance.

Sai tulun aksul. A murɗa farantinsa hagu da dama. Wajibi ne a ji ɗan wasa, wannan giɓin da muka ambata ne, kada wani ya tsorata ku da shi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne farantin ya motsa sama da ƙasa, ko ciki da waje, ko a ga mai na tsiyaya daga bakinsa. Wannan yana nuna boris ya ci ko babban notin tsakiya ya saki. Kada a ɗauko dogon bututu a ɗaure notin nan iya ƙarfi: a motoci da yawa, har da Toyota, shi ne ke daidaita matsin boris, in an wuce kima boris zai ƙone cikin tafiya guda. Aikin gwani ne. Tulun da ke ciwo yakan kuma yi kuka ko gurnani cikin gudu, muryar tana sauyawa idan an taka totur ko an saki.

Mai ba ya ƙarya. A kwance toshiyar ƙasa ta tulun aksul da ta akwatin raba ƙarfi, a tari man a farin kwano mai tsabta, a kai shi rana. Laushin garin ƙarfe kamar kwalli a jikin toshiya abu ne na tsufa. Ɓarɓashi mai ƙyalli da yatsa ke ji, ko gutsuren haƙori, yana nufin a tsaya. In kuwa man ya fito fari-fari kamar an dama fura, ruwa ne ya shiga, kuma wannan ciwon damina ne na masu bin fadama. Aksul yakan yi zafi cikin tafiya. Da an tsoma shi cikin ruwan sanyi, iskar cikinsa ta ƙanƙance, sai ya zuƙi ruwa ta ɗan bututun numfashinsa ko ta bakin roba. Duk motar da ta ratsa ruwa har ya kai cibiyar ƙafa, a duba manta a ranar, a kuma bi dukan kan nonon giris da famfo har sabon giris ya fito ta kofuna huɗu na kowane kuros. Sashen zugewa kaɗai ne ba a cika wa giris maƙil, don kada ya rasa wurin shiga. Man da ake zubawa a tulu shi ne man giya mai kauri, lamba 90. Baƙin man injin ba ya maye gurbinsa.

Kafin a fito, a ɗaga ido a dubi maɗauran nan masu lanƙwasa da suka rungume aksul da sifirin. Lodi fiye da kima da gargada su ke sassauta su. In sun saki, aksul yakan mirgina kaɗan duk sa'ad da aka tashi ko aka taka birki, ya ba da bugu mai kama da na kuros sak. Alamarsa ƙarfe mai sheƙi ne inda ake gogayya. In kusar tsakiyar sifirin ta karye, aksul yakan goce baya ta gefe guda, wanda ke bin motar a baya zai ga tana tafiyar kaguwa.

Ogzilari da kwalta

Yanzu mun zo ga ciwon da direba ke jawo wa motarsa da hannunsa, kuma ya fi yawa a wuri irin Jajimaji, inda ake fitowa daga yashi a hau kwalta kai tsaye. A tsohuwar Land Rover da Land Cruiser da Hilux, idan aka sa ƙafa huɗu, furofelar gaba da ta baya sun zama kamar sanda guda, dole su juya daidai wa daida. Amma a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya cin ƙasa. A cikin yashi wannan ba kome, taya takan ɗan zame ta huce. A bisa kwalta babu zamewa, sai ƙarfen ya yi ta murɗewa kamar igiyar da ake tufka. Sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle a kwana, sandar ogzilari ta ƙi fita, can sai a ji "gau" sa'ad da wata taya ta ƙwace. In taya ba ta ƙwace ba, shaf ko kuros ko haƙori ne zai biya.

Maganin shi ne a fitar da ƙafa huɗu tun tayoyin na kan yashi, kafin a hau titi. In an manta har sandar ta ƙage, kada a sa ƙarfi ko guduma. A koma da baya a miƙe 'yan mitoci, ko a saukar da ƙafafu biyu gefen hanya, za ta saki. A tsohuwar Land Rover, mai rawayan kai da ake dannawa ƙasa ba a jawo shi da hannu: sai a tsaya, a ja sanda mai jan kai baya, a mayar da ita gaba, shi da kansa zai yi tsalle ya fito. Tayoyi masu bambancin girma, ko sabuwa a gaba sudaddiya a baya, suna haddasa wannan murɗewa ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Land Rover na baya-baya, watau 110 da ta fito a 1983 da 90 a 1984, waɗanda aka raɗa wa suna Defender a 1990 aka kuma daina ƙera su a tsohuwar siffarsu a 2016, dabam suke. Su kullum ƙafa huɗu ke ja, suna da tulu na uku a cikin akwatin raba ƙarfi wanda ke sasanta gaba da baya, sai an kulle shi ne murɗewar ke faruwa. Da yake gaɓoɓinsu sun fi yawa, ɗan bugu sa'ad da aka saki kuloci da garaje halinsu ne. In ya yi yawa, wuraren da aka fi samu su ne tsagogin farantin cibiyar ƙafa, da gaɓar ƙwallo da ke saman aksul na baya, da tsagogin sandar da ta fito daga akwatin giya ta shiga akwatin raba ƙarfi. Biyun farko masu sauƙin kuɗi ne, a fara da su.

Motoci masu makulli a cibiyar ƙafafun gaba, wanda ake murɗawa da hannu, a tabbata duka biyun suna wuri ɗaya kuma sun kai maƙura. Makullin da ya tsaya rabi yakan kama ya saki da ƙara mai firgitarwa. Mai tsohuwar Land Rover da aka sa wa irin wannan makulli ya riƙa kulle shi lokaci lokaci ko da rani ne, domin juyawar shaf ce ke watsa mai zuwa saman ƙwallon aksul.

Idan abin ya faru a daji

Mota ta kafe a yashi, direba ya yi ta ba ta wuta, taya na wulwulawa, yara na turi, can ta sami ƙasa mai tauri ta cafke. Sai a ji "tas", injin na kuka, mota ba ta motsi. Shaf na baya ke nan ya karye, kuma tsohuwar Land Rover gajera ta yi suna a kan wannan; doguwar samfurin 1971 an ba ta aksul na baya mafi ƙarfi. Giyar ƙasa ta ogzilari tana ninka ƙarfin injin fiye da sau biyu, saboda haka wanda ke fizgar kuloci a cikinta, ko yana jifa da mota gaba da ribas, shi ke murɗe shaf da kansa. Rage iskar taya da haƙa gaban ƙafa da shimfiɗa kara sun fi totur fitar da mota.

In ya riga ya karye, a leƙa: za a ga furofelar baya na juyawa, ƙafafu na tsaye. Ana iya isa gari da ƙafafun gaba. A tsohuwar Land Rover ta shekarun 1960 zuwa sama, nauyin mota ba bisa shaf yake ba, don haka ana kwance kusoshi shida na farantin cibiya a zaro shi ba tare da an cire taya ba. Mafi kyau a zaro duka biyun, a kwance furofelar baya, a mayar da farantan don mai da ƙura, a sa ƙafa huɗu, a tafi a hankali, ana tuna cewa birkin hannu ba abin dogara ba ne yanzu. A waɗansu motocin kuwa, har da tsofaffin Land Cruiser da yawa, shaf ɗin ne ke riƙe da ƙafar, in ya karye ƙafa tana iya zarewa ta fita da gangar birkinta. Irin wannan ba a tuƙa ta, sai a sauke mutane a nemi taimako. A watan Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan wuce digiri 40, saboda haka jarkar ruwan sha tana cikin kayan gyara, daidai da sifana. Bayan an isa gida, lalle ne a buɗe tulun a fitar da guntun da ya rage da ɓarɓashinsa kafin a sa sabon shaf. Ɗan'uwansa na ɗaya gefen ma a zaro shi a duba: in tsagoginsa sun fara karkacewa kamar tufkar igiya, kwanansa ya kusa.

Wannan dabara ta cire furofela guda tana da amfani ko a gareji, sa'ad da aka rasa gane ko ƙarar daga gaba take ko daga baya. A cire ta gaba a zagaya. In ƙarar ta ɓace, an san inda za a nema. A motar da kullum ƙafa huɗu ke ja, sai an kulle tulun tsakiya kafin ta motsa.

Wajen sayen kaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai motar da ke shiga daji ya ajiye kuros guda na safiya, da notunan furofela, da famfon giris, da galan na man giya. Wanda zai aika Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko ya saya a Nguru ko Gashuwa, ya ba da tsohon ƙarfen a tafi da shi a gwada, gama kuros na motoci dabam dabam sun yi kama a ido alhali sun bambanta da 'yan milimita, Land Rover kanta ba girma ɗaya ta yi amfani da shi ba a dukan shekarunta. A zaɓi mai kan nonon giris. In tulun aksul na hannu za a saya, a ƙirga haƙoran babban faifai da na ƙaramin dunƙule a gaban mai sayarwa, su zo daidai da na tsohon, domin in lissafin tulun gaba ya saɓa da na baya, motar za ta murɗe kanta ranar farko da aka sa ƙafa huɗu. Babban faifai da dunƙulensa kuma tare ake sauya su, ba a aurar da na wannan mota da na waccan. Furofelar da ta lanƙwashe, ko aka yanke aka yi mata walda a bakin hanya, ba ta komawa daidai. Za ta kai mutum gida, amma a sauya ta kafin ta cinye boris na akwatin raba ƙarfi.

Idan za ku kai mota wurin bakanike, ku gaya masa abin da kuka ji da lokacin da kuka ji shi: a tashi ne ko a kwana, da ƙafa biyu ko da huɗu, bugu nawa a juyin taya. Ku nemi ya shiga motar ku zagaya tare, ya kuma nuna muku wasan ƙarfen da hannunsa kafin ya kwance kome. Bayan gyara, ku karɓi tsohon ƙarfen da aka cire, ku sake bin filin nan da kuka yi gwajin farko, sa'an nan bayan tafiyar yini guda ku koma ƙarƙashi da sifana ku sake bin notunan furofela da na wili ɗaya bayan ɗaya.